Minti Uku Babu Baƙin Mai

A Doha wata huɗu ne kacal a shekara mutum zai sauke gilashin mota iskar Allah ta shigo ba tare da ta gasa masa fuska ba, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Su ne watannin da masu tsofaffin motoci suke jira kamar manomi da damina, don tsohuwar mota ba ta san na'urar sanyi ba, kuma ba ta jure zafin Yuni. To, a daidai waɗannan watanni ne aka kwashe tsofaffin motocin wani dattijon attajiri, Abu Rashid, guda bakwai aka kai wani sito a Sanaiya, unguwar masana'antu, aka ɗage su a kan jak, aka lulluɓe da tamfol. Direbansu, Mu'azu, aka bar shi da tsumma a hannu yana kaɗe ƙura.

Mu'azu mutumin Funtuwa ne, shekararsa hamsin da huɗu, kuma tun yana da sha tara yake riƙe da sitiyari. A kan wata Fijo ta haya ya koya, irin ta da, mai giya a jikin sitiyari. Wannan tsohon ilmi da yake ganin ya daina amfani shi ya ba shi aiki a gidan Abu Rashid shekara goma sha ɗaya da suka wuce. An jera direbobi biyar a gaban wata farar Marsandi 'yar shekarar sittin da biyar, huɗu suka shiga suna laluben giya a ƙasa kamar masu neman takalmi a masallaci. Mu'azu ya shiga, ya taka kulochi, ya ja sandar da yatsa biyu, motar ta tashi ba ko gargada. Dattijon ya yi dariya har ya yi tari, ya ce wannan shi ne nawa.

Ita wannan farar Mu'azu ya sa mata suna Hajiya, sunan ya bi ta har cikin gida. Mahaifin Abu Rashid ne ya saye ta sabuwa, kuma ban da mai gidan babu wanda yake zama a kujerar direbanta sai Mu'azu. Kowace Juma'ar hunturu, bayan asuba, dattijon zai shigo gaba ya zauna kusa da shi, su bi Kurnish, wato titin bakin teku, su sha shayi, masu irin motocinsu suna ɗaga musu hannu. Wata rana ma ya zaro makulli na biyu daga aljihu ya danƙa masa, ya ce ya riƙe, kada ya gaya wa kowa. Idan ka tambayi Mu'azu me ya mallaka a Ƙatar, ba zai ambaci albashi ba. Wannan kujera zai ce, da yardar da ta zaunar da shi a kanta.

A watan Oktoba zuciyar dattijon ta matsa masa, aka fita da shi Jamus. Babban ɗansa Rashid ya karɓi gida. Ba mugu ba ne, amma a wurinsa mota abin zuwa ofis ce, kuma magana ɗaya yake yi. Ya ce a rufe motocin har mahaifinsa ya dawo, kada kowa ya tayar da ko ɗaya. Ya tattara makullai ya ba bakaniken gidan, Dogara, wani ɗan Bauchi da ya yi koyon aiki a Fantekar Kaduna, mai ƙarancin magana da yawan tsabta.

Makon farko Mu'azu ya ce ai hutu ne. Mako na uku ya fara rama. Ranar Juma'a sai ya tashi da asuba a ɗakinsa na unguwar Muntaza, ya yi wanka, ya sa fararen kaya, sannan ya tuna babu inda za shi. Wani lokaci ya taka har bakin teku ya tsaya yana kallon tsofaffin motocin wasu suna wucewa, yana jin kurakuran direbobinsu a kunnensa: wannan ya daɗe a giya ta biyu, wancan yana cin kulochi. A gidan abinci abokan zamansa suka fara yi masa tsiya, don yana cin shinkafa ƙafarsa ta hagu tana taka wani abu a ƙarƙashin tebur, shi bai ma sani ba. Kewa ce, irin wadda babba yake jin kunyar faɗa, don wa zai yarda mai mata da 'ya'ya shida a gida ƙarfe yake kewa.

Ga kuma wani abu da ya tsaya masa a rai. Duk direban da ya taso a tasha ya san mota ba ta son zama. Ko ba za a fita ba, da safe a tayar da ita a ɗumama, mai ya zagaya, in ba haka ba ta kwanta ciwo. Haka ubangidansa ya koya masa, haka ya gani a kowane gida mai mota daga Funtuwa har Legas. Ya kai wa Dogara wannan magana ba sau ɗaya ba.

"Injiniya, wata biyu fa ke nan ba wamin. Za su ruɓe a tsaye."

"Yaya Mu'azu, nan ba tashar Funtuwa ba ce," in ji Dogara, bai ko ɗago daga abin da yake gogewa ba. "Tayarwar minti biyar ta fi zaman illa. An ce a bar su, mu bar su."

Mu'azu ya ce to. Amma a zuciyarsa cewa ya yi yaron da aka haifa lokacin da yake kan hanyar Gusau ba zai koya masa mota ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba su ware gwani ba.

Abin da bai sani ba shi ne, Hajiya ta fara ɗigar da baƙin mai daga ƙasa, Dogara ya juye man gaba ɗaya, ya yi odar sabon gaskit, abin da zai toshe ɗigar, daga waje yana jira. Dogara yana da wata al'ada da ya taho da ita daga Fanteka. Duk motar da ya juye wa mai, sai ya ɗaure notin juyewar da waya a jikin makullinta, yadda ba mai iya sa makulli a rami sai notin ya buge shi a hannu. Shekara ashirin wannan dabara ba ta taɓa ba shi kunya ba. Bai san akwai makulli na biyu ba.

Ranar wata Talata a cikin Janairu, da azahar, Dogara ya tafi wani gareji duba aiki, maigadi ya tsallaka titi cin abinci. Mu'azu yana goge tamfol ɗin Hajiya sai ya ɗaga gefe ɗaya don ya kaɗe ƙasa. Ƙamshin fatar kujera ya fito ya same shi. Daga nan bai ƙara shawara da kowa ba, har da kansa. Ya buɗe ƙofar baya ta siton don hayaƙi, ya yaye tamfol, ya ɗaga bonet, ya mayar da kan batir. Sandar duba mai tana nan, tazarar tafin hannu daga inda yake ɗaure noti. Mutumin da shekara talatin da biyar bai taɓa tayar da mota da safe bai zare wannan sanda ba, ranar ya wuce ta, don kunnensa yana ƙofa. Mai aikin ɓoye ba ya da lokacin ladabi.

Bugu biyu ta tashi. Muryarta ta cika siton, Mu'azu ya ji wani abu da ya ƙulle a ƙirjinsa tun Oktoba ya kwance. Ya jingina, ya lumshe ido. Da yake tayoyin baya suna sama a kan jak, sai ya taka kulochi ya sa giya ta ɗaya, ya sa ta biyu, tayoyin suna juyawa a iska, shi kuma a ransa ya wuce masallaci ya kama bakin teku. Ya ƙara totur kaɗan. Ya sa ta uku.

A nan muryar ta sauya. Wani ƙwanƙwasa ya shigo daga can ƙasa, siriri, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Ya buɗe ido. Allurar baƙin mai tana kwance a kan sifiri, kuma ya gane tun da ya tayar ba ta motsa daga nan ba. Ya kashe. Ya fito, ya zare sandar, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Busasshiya. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ga ramin da noti ya kamata ya toshe a buɗe. Minti uku, ko ƙasa da haka.

Ya cire kan batir, ya rufe bonet, ya ja tamfol ya daidaita shi yadda yake. Da maigadi ya dawo ya same shi yana share ƙasa mai tsabta.

Kwana takwas Mu'azu yana yawo da abin a cikinsa. Abinci ya daina shiga. Idan wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi, ko da matarsa Zuleiha ce take kira daga gida. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya yi ta lallashin kansa da cewa injin Jamus ne, minti uku ba za su kashe shi ba, watakila in an zuba mai shi ke nan. Sai ya tuna ƙarar cokalin nan, ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Ranar Laraba Rashid ya zo siton da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, idanunsa sun faɗa.

"Gobe Baba zai dawo," ya ce da Larabci. "Abu ɗaya ya roƙa. Jibi Juma'a da safe yana son fita a farar. Kurnish kawai, ku je ku dawo, ni ina bin ku a baya da ma'aikaciyar jinya. Dogara, ta shirya?"

"Gaskit ya iso jiya, ranka ya daɗe. Yau zan ɗaura."

"Kai kuma," ya juya wurin Mu'azu, "a hankali. Kada ya girgiza. Tun a asibiti yake tambayar ka."

Wannan magana ta ƙarshe da Rashid ya san abin da ta yi wa Mu'azu da bai faɗe ta ba. Wata uku Mu'azu yana roƙon Allah ya nuna masa wannan Juma'a, ga ta ta zo, shi kuma ya fi son ƙasa ta tsage.

Da la'asar Dogara ya gama ɗauri, ya kwance noti daga jikin makulli ya mayar, ya zuba mai, ya tayar. Da farko lafiya lau. Mu'azu yana tsaye nesa yana ƙirga numfashinsa. Da injin ya ɗan yi zafi sai Dogara ya karkata kai. Ya ɗauko doguwar sukuddireba, ya dafa bakinta a jikin injin, ya sa ƙotar a kunne. Ya daɗe a haka. Sannan ya kashe, ya tara ɗan mai a farin murfi, ya fita da shi rana. Wani garin ƙarfe mai ƙyalli yana yawo a ciki.

"Yaya Mu'azu," ya ce a hankali, "motar nan an tayar da ita a bushe."

Mu'azu ya sunkuyar da kai.

"Makullinta yana akwatina, da noti a jiki, yadda na ɗaure shi. Mu biyu ne muke shiga nan. Ni ban tayar ba."

"Baba ya ba ni na biyu. Tun da daɗewa." Muryar Mu'azu ta fito kamar ta wani. "Wamin kawai na ce in yi mata."

Dogara ya zauna a kan wata taya, ya sa kai a hannu. Bai ce na gaya maka ba, kuma rashin faɗar ya fi zafi. Can ya ɗago ya yi bayani dalla-dalla. Cikin injin ya ciwu. Gyara sai an sauke shi an buɗe, kayan kuma sai an nemo a waje, wata biyu in an yi sa'a. In aka bar ta yanzu za ta gyaru. In aka matsa mata ta yi nokin, irin wannan inji ba a samun sa a kasuwa.

"Jibi fa?" in ji Mu'azu.

"Akwai mai mai kauri. Zai danne ƙarar muddin ba ta yi zafi sosai ba. A ɗauke ta a babbar mota zuwa gida, daga nan Kurnish a dawo, kilomita ashirin. Watakila ta yi." Ya dube shi. "Zan zuba, saboda dattijon, ba don kai ba. Ba zan kai ƙararka ba. Amma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, kuma in ta mutu a hanya ni za a fara kira. Ka san wannan."

Mu'azu ya sani. Ya kuma san abin da ya kamata ya yi, wato ya kira Rashid a daren nan ya faɗa. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi sau goma. Abin da ya hana shi ba tsoron jirgin komawa gida ba ne kawai. Yana son ya tuƙa ta. Ko bayan duk wannan, yana so, kuma ya ji kunyar kansa da ya gane haka.

Juma'a ta waye da sanyi mai daɗi, sama fes. Aka fito da Abu Rashid a keken marasa lafiya, an naɗe shi da alkyabba mai kauri. Mu'azu ya kusa kasa gane shi. Mutumin da yake cika kujera ya koma kamar a ɗauke shi da hannu ɗaya. Amma idon yana nan. Ya kama hannun Mu'azu ya riƙe.

"Mu'az. Ka kula min da ita?"

"Barka da dawowa, Baba."

"Me ka ce?"

Rashid ya sunkuyo ya ce magungunan sun taɓa masa kunne, sai an ɗaga murya. Mu'azu ya maimaita gaisuwar da ƙarfi, dattijon ya gyaɗa kai, ya ɗauka an amsa masa tambayarsa. Aka zaunar da shi a gaba.

Mu'azu ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Allura ta tashi ta tsaya a sama. Ya sa ta ɗaya, suka fita daga gida, jif ɗin Rashid a bayansu. Titi babu kowa, kamar yadda Doha take kowace safiyar Juma'a. Duk da abin da ke cikinsa, da sitiyarin ya fara yi masa magana a tafin hannu sai da daɗi ya ratsa shi. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a allura. Bai wuce gudun hamsin ba.

"Ka ji ta?" in ji dattijon, yana murmushi. "Kamar ranar da mahaifina ya kawo ta. Ba ta tsufa."

Mu'azu yana jin ta. Tun daga tsakiyar Kurnish cokalin ya dawo, can ƙasa, sai wanda ya san shi zai tsince shi. Allura ta sauko kaɗan. Ya lissafa a ransa: shataletale na gaba a juya, kilomita tara zuwa gida, za ta kai. Ya kunna sigina.

"A'a," in ji Abu Rashid. Ya ɗaga yatsa ya nuna arewa. "Alkhor."

Alkhor garinsu ne na asali, inda aka haife shi, inda mahaifinsa yake da jiragen kamun kifi kafin fetur ya zo. Kilomita hamsin ne daga nan.

"Baba, Rashid ya ce Kurnish kawai."

"Rashid ɗana ne ko ubana? Yalla, mu je."

Mu'azu ya kashe sigina ya miƙe. A madubi ya ga jif ta haska masa fitila sau biyu, sannan ta haƙura ta biyo. Suka wuce dogayen benaye, suka wuce Lusail, gari ya fara ja da baya, hanya ta buɗe. Allura ta sauko rabi. Gumi ya jiƙa masa baya duk da sanyin. Ƙarar yanzu ba cokali ba ce, ta yi nauyi, tana bin bugun injin ɗaya bayan ɗaya, yana jin ta har a tafin ƙafarsa. Dattijon kuwa ya kwantar da kai yana ba shi labarin yadda hanyar nan take da, rairayi ne da duwatsu, sai an sauke iskar taya.

Zai iya yin shiru. In ta mutu a hanya, tsohuwar mota ce, wata uku a ajiye, wa zai yi mamaki? Sai dai a kira Dogara. Ya tuna shi zaune a kan taya da kai a hannu. Ya dubi allura, ta kusa taɓa ƙasa. Kowane kilomita yana cin wani abu a cikin injin da ba zai dawo ba, kuma shi ne yake taka totur ɗin. Wannan ne ya kasa ɗauka. Ya saki totur, ya gangara gefen hanya, ya kashe.

Dattijon ya juyo.

"Me ya faru?"

"Baba, na yi laifi. Na tayar da ita a sito babu mai."

"Me?"

Ya ji ƙofar jif ta buɗe a baya, ya ji takun Rashid a kan tsakuwa. Maganar da ya kwana goma bai iya faɗa wa kansa a ɓoye ba, yanzu dole ya faɗe ta da ƙarfi kamar mai shela.

"Na tayar da ita da makullin da ka ba ni. An hana, na tayar. Babu mai a ciki. Injin ya lalace. Ni ne, ba Dogara ba."

Rashid yana tsaye a bakin taga, ya ji kowace kalma. Fuskarsa ta yi ja, amma bai ɗaga murya ba.

"Fito," ya ce. "Ka ɗauko shi a motar da ka san za ta iya mutuwa a hanya, mutumin da aka buɗe wa ƙirji. Fito daga ciki."

Mu'azu ya kai hannu ƙofa. Dattijon ya dafa masa gwiwa. Ya daɗe yana kallon sa, kuma babu taushi a kallon. Mu'azu ya gwammace a mare shi.

"Me ya sa?"

"Na yi kewarta, Baba."

Bai ɗaga murya ba wannan karon, amma da alama an ji. Abu Rashid ya juya ya dubi hanya.

"In aka bar ta a nan, za ta gyaru?"

"Za ta gyaru. Dogara ya ce wata biyu."

"In aka ci gaba?"

"In na lallaɓa ta, watakila ta kai Alkhor. Amma in ta kai ta gama. Ba za ta sake tashi ba."

"Wata biyu," in ji dattijon. Ya ɗaga ido ya dubi ɗansa ta taga. Rashid ya kawar da kai ya dubi rairayi, kuma a nan Mu'azu ya gane dalilin da ya sa likitocin Jamus suka sallamo shi. "Ba ni da wata biyu, Mu'az."

"Baba, ga jif, in kai ka a cikinta," in ji Rashid, muryarsa ta karye. "Minti ashirin mun isa."

"A wannan na bar Alkhor, a ita zan koma." Ya numfasa, maganar tana ba shi wuya. Sannan ya ce wa Mu'azu, "Ka ci amanata. Ban yafe ba tukuna, ban sani ba ko zan samu lokaci. Abin da Rashid ya yanke a kanka ba zan hana ba. Amma shi bai iya wannan giyar ba. Tayar."

Rashid ya tsaya kamar zai yi musu, sai ya sunkuyo daidai kunnen Mu'azu.

"In mun isa ka bar makullin a jiki. Kada in sake ganin ka a gidan."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Sai a bugu na huɗu ta tashi, da ƙarar da ko kurma zai ji a jikinsa. Saura kilomita ashirin da shida. Mu'azu bai taɓa tuƙi irin na wannan safiya ba, kuma ya san ba zai sake ba. Ya riƙe ta a arba'in, bai bar injin ya yi nishi ba, bai bar shi ya yi ihu ba. Inda hanya ta ɗan gangara ya taka kulochi ya bar ta ta huta. Duk abin da ya koya tun daga tashar Funtuwa ya zuba shi a ƙafa biyu da yatsa biyu, yana kashe motar da ya fi so a duniya a hankali, da iyakar gwanintarsa. Hawaye suna zuba, bai share ba don hannayensa ba su da sarari. Dattijon ya sauke gilashi da kansa, da ƙyar, ya bar iska tana kaɗa masa rawani.

Sun shiga Alkhor hayaƙi yana fita ta gefen bonet. A titin da ya gangara bakin ruwa, ana hango jiragen katako a ɗaure, injin ya yi wata ƙara guda ɗaya mai nauyi ya tsaya. Mu'azu ya riga ya taka kulochi. Hajiya ta ci gaba da gangarawa shiru, ba a jin komai sai taya a kan kwalta da kukan tsuntsayen teku, ya juya sitiyarin da ƙarfin kafaɗa ya shigar da ita filin da ke fuskantar ruwa. Ta tsaya da kanta, taku kaɗan kafin shinge.

"Khalas," in ji Abu Rashid. "Shi ke nan. Mun iso."

Ma'aikaciyar jinya ta zo da keke, ita da Rashid suka fitar da shi, suka tura shi wajen jiragen. Bai waiwayo ba. Mu'azu ya ja birkin hannu, ya mayar da giya inda take kwana. Ya san ya kamata ya fita, akwai motar haya da ke komawa Doha daga bakin kasuwar kifi. Amma hannayensa sun ƙi sakin sitiyarin, sai ya bar su a kai, yana zaune a kujerar har ƙarfen ya huce.